Sau Uku Na Ba Shi

Shafi na 19

Masu cika mini waya da "ina ci gaba, ina ci gaba", na ji ku. Rezo ne, wato sabis ɗin waya, ya ɗauke a unguwarmu kwana biyu, ba jan rai ba ne. Wadda ta shigo yau kuma ba sai ta koma baya ba. Zuhaira ce, malamar yaƙi da jahilci a Tanut, mai karanta wa matan gurup ɗinsu na waya littattafan Hausa da murya. Mijinta Abdulgani yana can Tenhya wajen rigakafin dabbobi. Mahaifiyarta Tabawa ta zo daga Gangara ganin likitan ido, mako uku ke nan ba ta koma ba.

*

Ranar Asabar da hantsi, yara sun tafi islamiyya, gidan ya rage su biyu.

Tabawa tana ƙarƙashin rumfa tana ɓarar gyaɗar da ta zo da ita. Zuhaira ta jawo kujera kusa da ita, waya ɗaya a hannun dama ta ɗaukar murya, tsohuwar wayar maigidan a hagu, cikinta littafin yake.

Matan gurup ɗin sun haura ɗari biyu, daga Tanut har Belbeji. Wasu sun yi lakwal, wato boko, amma Faransanci suka iya, in suka ga rubutun Hausa sai su yi ta tuntuɓe. Wasu ko ƙofar aji ba su taɓa takawa ba. Amma labari kowa yana so. Shi ya sa Zuhaira take karantawa ta turo musu bokal, wato saƙon murya, su saurara suna daka ko suna wanki.

Dokarta ɗaya ce, ba ta leƙa shafi kafin ta karanta. Ta ce in ta san abin da zai faru muryarta mutuwa take yi. Yadda suka ji, haka ita ma ta ji.

Ta danna, ta riƙe.

"Salamu alaikum matan zaure. Kafin karatun yau, Balki ta Olelewa sabuwar shiga ce, ta ce wanne za ta fara saurara cikin sababbin da muka gama. To Balki, akwai na attajirin nan da ya rasu aka iske hoton wata mata a ƙasan akwatinsa. Yana da daɗi, sai dai ya cika kuka. Akwai na yarinyar da ta gano kakanta ba ɗan garin ba ne, gudowa ya yi ya sake suna. Ni shi na fi so, da shi za ki fara."

"Na akwatin nan ƙarya ne," in ji Tabawa, ba ta ko ɗago kai ba.

"Kun ji Inna ta fara."

"Ƙarya ne mana. Mai abin ɓoyo zai ajiye masa hoto? Yarinya ce ta rubuta shi, ba ta taɓa ɓoye ko allura ba."

"Na kakan fa?"

"Wannan da dama-dama. Ita ta zauna da tsofaffi."

Zuhaira ta saki yatsa, saƙon ya tafi.

Tun zuwan Tabawa gurup ɗin ya ƙara armashi. Sharhin Inna, haka suke ce masa. Akwai waɗanda ba don littafin suke buɗe bokal ba, don su ji abin da tsohuwar za ta ce ne. Ita kuwa ko a jikinta, wai ita da 'yarta take magana.

Zuhaira ta gyara zama, ta buɗe inda suka tsaya jiya.

Littafin na uku ne, bana ya fito. Labarin wani babban gida ne da tsohuwar mai aikinsu ta kwanta ciwo, ta ce a kira mata malami, akwai abin da ba ta so ta tafi da shi. Jiya an tsaya daidai inda ta ce ta taɓa shayar da ɗan maƙwabta yana jariri, ga shi yanzu an sa ranarsa da 'yarta.

Ta danna, ta ci gaba da karatu. Muryarta a natse, ta iya sauya ta, ta tsohuwa daban, ta malami daban.

"Malam ya ce, Baba, ko sau ɗaya ya tsotsa, in dai nonon ya wuce maƙogwaronsa kuma bai cika shekara biyu ba, ya zama ɗanki. Duk abin da kika haifa, na gabansa da na bayansa, 'yan'uwansa ne. Babu aure tsakaninsu."

Ƙarar ɓarar gyaɗa ta tsaya.

"Sake karanta wurin nan."

Zuhaira ta yi murmushi ta sake, don ta san matan suna son haka.

"Ta yi kuskure," Tabawa ta ce. "Biyar ne."

"Me ne ne biyar, Inna?"

"Sai ya sha sau biyar, kowanne ya ƙoshi ya saki da kansa. A rediyo na ji da kunnena. Uku ba komai ba ne."

"Ai littafin bai ce uku ba."

Tabawa ta jawo ƙwaryar gyaɗa gabanta.

Hannu ya riga ya saba. Zuhaira ta saki yatsa, bokal ya tafi.

Ba a yi minti biyar ba wayar ta fara ƙara.

Ta buɗe na farko. Asibi ce matar liman, daga Belbeji.

"Inna, ina kwana. Na tambayi Malam yanzu yana zaure. Ya ce mai littafin ba ta yi kuskure ba, a wajenmu ko sau ɗaya ne ya haramta. Biyar ɗin ma akwai malaman da suka faɗa, ba ƙarya kika ji ba. Amma mu nan ba a kansa muke ba."

Ta buɗe na biyu. Wata yarinya ce tana dariya.

"Inna Tabawa, ke kuma wa kika ba sau uku?"

Zuhaira ta yi dariya ita ma, ta juya don ta ga yadda tsohuwar za ta rama.

Tabawa ba dariya take ba. Ta zuba hannu biyu cikin ƙwaryar gyaɗa, ta kafa wa bango ido.

Zuhaira ta kife wayoyin biyu a kan tabarma.

"Inna."

Tabawa ta ci gaba da juya gyaɗar cikin ƙwarya.

"Inna, wa kika ba?"

"Ɗauko mini ruwa."

Ta ɗauko. Tabawa ta karɓa, ta ajiye ba ta sha ba.

"Kin san kina da wa, Kabiru."

"Wanda ya rasu yana jinjiri."

"Shekarar fari, ta tamanin da huɗu. Watansa huɗu. Ya yi ta zawo har ya tafi. Tsofaffin gidanmu suka taru suka ce a gwada nonona. Aka tatsa a ludayi, aka jefa tururuwa a ciki. Ba ta fito ba."

"Sai aka ce me?"

"Aka ce mugun nono gare ni, shi ya kashe shi. Kakarki ta wajen uba ta ce ko ɗan akuya na ɗauka kada in kai shi kusa da ƙirjina."

Yadda take faɗa, ka ce labarin wata take bayarwa.

"Kwana shida da binne shi, maƙwabciyata ta kwanta. Zazzaɓi, ga nono ya kumbura kamar zai fashe. Aka ɗora ta a amalanke aka kawo ta nan Tanut. Jaririnta ba a iya tafiya da shi cikin ranar nan ba. Mazan duk sun yi kudu neman abinci. Aka miƙo mini shi ta kan darni, aka ce in riƙa ɗiga masa ruwa da nonon akuya."

Zuhaira ta san gidan da ke jikin nasu a Gangara. Darni ɗaya ya raba su. Tun tana rarrafe take shiga gidan.

Duk da haka ta tambaya.

"Wace maƙwabciya?"

"Kin sani."

"Ki faɗa."

"Yagana."

Yagana ce ta haifi Abdulgani. Shi ne ɗanta na fari, kuma kowa a dangi ya san a shekarar fari aka haife shi, don har yau in ya cika cin tuwo ana tsokanarsa da cewa ramuwa yake yi.

Zuhaira ba ta yi kuka ba, ba ta yi salati da ƙarfi ba. Tsoro ne ya kama ta. Shekara goma sha ɗaya da aure. Ga 'ya'ya uku, Nafisa da ƙannenta biyu.

"Yana ta tsala kuka," Tabawa ta ci gaba. "Ni kuma rigata tana jiƙewa. Na rufe ɗaki na ba shi. Na ce in ya mutu, to gaskiyarsu. Bai mutu ba."

"Sau nawa?"

"Uku."

"Kin tabbata?"

"Na ƙirga."

"Wa kika gaya wa?"

"Wa zan gaya wa? In ce na ba ɗan mutane nonon da aka ce ya kashe nawa? Da uwarsa ta dawo na ce akuya. Ta yi mini godiya, ta ba ni zane."

"Baba fa?"

"Har ya koma ga Allah bai sani ba."

Zuhaira ta ɗauki gyaɗa ɗaya ta ɓare, ta rasa inda za ta sa, ta mayar cikin ɓawon.

"Lokacin da suka zo neman aurena fa, Inna? Kina zaune aka kawo goro."

"Ina zaune."

"Ba ki ce komai ba."

"Saura wata biyu biki na ji malamin nan a rediyo. Wata ce ta aika da tambaya, ya ce sai biyar. Na sa aka ƙara mini murya. Ranar na yi sadaka da kaza. Na ce Allah ya dube ni."

"Ba ki tambayi kowa ba?"

"In na tambaya ai na faɗa."

Wayar ta sake ƙara a kife. Zuhaira ta juyo ta. Saƙo ashirin da bakwai. Wasu suna gardama a kan ɗaya da biyar, wasu suna cewa a bar musu wa'azi a ci gaba da littafi, su dai su ji ko an fasa auren.

Ta nemo bokal ɗin ta goge shi. Kafin ta goge ta duba, mutum sittin da uku sun riga sun saurara.

"Inna, saurara. Bayan ke, babu wanda ya gani?"

"Babu."

"Babu wanda ya ji?"

"Na ce miki na rufe ɗaki."

"To uku ne. Asibi da bakinta ta ce akwai malaman da suka ce biyar. Mu a kan nasu muke."

Tabawa ta juyo ta dube ta da idon da aka yi wa aiki.

"Maigidanki fa?"

"Baban Nafisa ba zai ji ba."

"Zuhaira."

"Ba zai ji ba, Inna. Kin san halinsa. In ya ji, ko ruwan gidan nan ba zai sake sha ba sai ya zagaye malaman Damagaram kaf. Kuma wanda ya fi tsanani shi zai bi."

"Haka ne."

"Kin riƙe shekara arba'in. Ki ƙara."

Ita ce fa Zuhairar da in ta zo wurin da wata ta ɓoye magana a littafi take tsayar da karatu ta ce, matan zaure, don Allah me zai hana ta faɗa kowa ya huta? Na sha jin ta. Ban ga laifinta ba, ban kuma ce ta yi daidai ba.

Ta ɗauki waya, ta gyara murya, ta danna.

"Matan zaure, ku yi haƙuri, na goge na ɗazu, hayaniya ta yi yawa a ciki. Inna wasa take yi, kun san ta da gardama. Littafin nan kuma na duba gaba, bai yi ba. Jan labari ya yi yawa. Mu ajiye shi. Wadda ba ta ji na kakan nan ba ta koma ta saurara, ya fi shi nesa ba kusa ba."

Ta saki.

Karon farko ke nan da ta kushe littafin da ba ta gama ba. Kuma ba ta duba gaban ba.

Suka zauna. Tabawa ta koma ɓarar gyaɗa a hankali. Zuhaira ta shiga madafa ta ɗora tukunya, ta manta ba ta zuba ruwa ba sai da ta ji ƙauri.

Ana kiran azahar aka yi sallama a ƙofar gida.

Muryar ba baƙuwa ba ce.

Yagana tana zaune ne a bayan kasuwar dabbobi, wajen 'yarta Adawiyya, tun da ƙafa ta fara ba ta wahala. Ba ta fita sai ranar Juma'a. Yau ga ta da sanda, cikin tsakar rana, ita kaɗai, mayafi a karkace.

Zuhaira ta durƙusa har ƙasa.

"Sannu da zuwa, Iya. Da kin aiko ai da na zo."

"Tashi, 'yata."

Ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo ruwa. Tsofaffin biyu suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ta gida da ta gajiya da ta ido da ta ƙafa. Babu wadda ta dubi wata.

Sai da gaisuwa ta ƙare Yagana ta ce, "Adawiyya ta kunna mini karatunku ina tsintar wake."

"Ai na goge shi, Iya. Hayaniya ce."

"Na ji kafin ki goge."

Zuhaira ta shiga gyara bakin tabarma.

"Littafin yana da daɗi," Yagana ta ce. "Me ya sa kika ce bai yi ba?"

"Jan labari..."

"Ni ban ji ya ja ba."

Ta jingina sandarta da turken rumfa, ta juya wajen Tabawa.

"Tabawa, shekara nawa muna tare?"

"Allah ya sani."

"Na taɓa tambayarki abin da kika ba yaron nan?"

"Ba ki taɓa ba."

"Kin ce akuya, na ce na gode."

"Haka aka yi."

"Ranar da aka kawo goro na dube ki, kin dube ni. Na ce in akwai magana, ke za ki fara. Kika yi shiru. Na ce to, ƙila akuyar ce."

Zuhaira ta matso da gwiwa.

"Iya, ki yi haƙuri in sa baki. Inna ta gaya mini komai. Sau uku ne kawai. Kuma akwai malaman da suka ce in bai kai biyar ba..."

"Na ji Asibi."

"To kin gani. Ba sai baban Nafisa ya ji ba. Mu uku ne, ya tsaya a nan."

Yagana ta miƙa hannu. Ta ɗauki kofin ruwan ta kurɓa, ta ajiye.

"Uku ta ce miki?"

"Uku."

"Tabawa, uku?"

Tabawa ta ɗauki gyaɗa. Ta yi ta juya ta, ta kasa fasa ta.

"Na ƙirga," ta ce, can ƙasan maƙoshi.

"Me kika ƙirga?"

Tabawa ta mayar da gyaɗar cikin ƙwarya.

Yagana ta juyo wajen surukarta. Babu fushi a fuskarta, gajiya ce kawai.

"Ta gaya miki kwana nawa na yi a Tanut?"

Sai lokacin Zuhaira ta lura ba ta tambaya ba.

"A'a, Iya."

"Kwana tara. Na dawo ina jiran a nuna mini kabari, aka miƙo mini shi ya fi yadda na bar shi nauyi."

"Akuyar..."

"'Yata, a shekarar nan babu akuya ko ɗaya da ta rage a tsaye a Gangara."